Neman Fuskar Inna a Riyad

Abu na farko da Riyad ta karɓa a hannuna fasfo ne. Wani mutum mai farar jallabiya ya amshe shi tun a filin jirgi, ya jefa a aljihu kamar an ba shi goro, ya nuna mini mota da haɓa.

Aka kai mu wani ɗaki a bayan maktab, wato ofishin da ke raba 'yan aiki gidaje. Mata ne cike, wasu daga Maraɗi, wasu daga ƙasashen da ko sunansu ban taɓa ji ba. Taga ɗaya ce, ita ma an liƙe ta da kwali. Wanda ya yi mini hanya a Sakkwato ya rantse cewa asibiti za a kai ni in riƙa kula da tsofaffi, tunda na iya karatu da rubutu. Gaskiya ne na iya. Sai da mijina ya rasu, na aurar da autata, sannan na rataya jaka na shiga ajin manya, ina zama benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, kuma ban ji kunyar kowa ba. Amma a bayan maktab ɗin nan babu wanda ya tambayi karatuna. Hannuwana suka duba, sai fuskata.

Ni Bagobira ce, daga ƙasar Sabon Birni. Tsagata tun daga gefen baki take har kunne, kunci biyu. Matan gari in sun zo zaɓen 'yar aiki, da sun iso kaina sai su ja baya su yi ƙasa da murya. Aka kwashe waɗanda muka zo tare, aka kawo wasu, aka kwashe su, ina nan zaune. Ni kuwa ban taɓa jan gyale na rufe kuncina ba. Wadda ba ta so ta wuce.

Wata tsohuwa mai sanda ce ta ɗauke ni, Ummu Sa'ad. Ta tsaya a gabana ta daɗe tana dubana, sannan ta ce wa surukarta, “Wannan ba ta sunkuyar da kai. Ita nake so.”

Gidansu a unguwar Al-Nasiriya yake, bene ne mai katanga doguwa, ba ka ganin titi sai sama. Maigidan, ɗan tsohuwar, shi ne kafil ɗina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar, kuma a durowarsa fasfona ya kwanta. Matarsa muna ce mata Madam. Aikina tsohuwa ce da yara, yaran kuwa talabijin ce uwarsu ta biyu. Daga sun dawo makaranta har la'asar katun ake kallo, mutanen zanen nan masu motsi da magana. A wurin mutanen katun ɗin na gyara Larabcina, don su ba sa haɗiye harafi kamar mutanen gidan, tsaf suke fitar da magana kamar malamin Islamiyya. Har Madam takan yi dariya in na tambaye ta inda ta ajiye tsintsiya, wai ina magana kamar gimbiyar talabijin.

Duniyar tasu ta shiga raina, ba zan ɓoye ba. Tuddai kore shar, ruwa shuɗi yana ta gudu babu wanda ya tare shi da jarka, gajimare kamar audugar da aka gama shiɓa. Mutum ya faɗo daga saman bene, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ci gaba da tafiya. A garin da ba na fita sai cikin baƙar abaya a bayan mota, akwatin nan ne ya zame mini taga.

Amma na lura da abu ɗaya. Sun zana kare mai magana, sun zana kifi mai hula, sun zana mutum shuɗi, sun zana kore. Baƙin mutum ne dai alƙalaminsu ya kasa kaiwa. Ran da ya kai kuwa, gara da bai kai ba. Sai ga wani abu ya fito daga daji, kai kamar gindin tukunya, baki ja jawur ya cinye rabin fuska, ƙashi a soke cikin gashi, yana tsalle yana zagaya wuta. Ƙaramar 'yar gidan, Lulu, ta zabura ta rungume wuyana, tana kirana da sunan da suka sa mini a gidan.

“Dada Hawwa! Ga ki nan! Ga ki a talabijin!”

Ba da mugunta ta faɗa ba. Murna take yi an sa ni a ciki. Wannan ne ya fi ci mini rai. Na miƙa hannu na kashe akwatin, yara suka sa kuka, Madam ta leƙo.

“Katun ne fa kawai, ya Hawwa.”

Na ce, “Madam, wanda ya zana shi ba katun ba ne. Mutum ne, kuma yana da ido.”

Ta ɗaga kafaɗa ta kunna musu wata tashar.

A shekarar da garin ya ɗauka da zancen za a bar mata su tuƙa mota, ƙanena Nomau ya kira ni da hantsi, hannuna cikin ruwan wanke-wanke.

“Yaya Kulu, sai haƙuri. Inna ta cika. Yanzu muka dawo daga kai ta.”

Na je wurin maigidan na ce uwata ta rasu, a ba ni fasfona. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, sannan ya ce sai kwantiragi ya ƙare. Ai an riga an binne, in ji shi, me zan tarar? Na koma kicin na zauna a ƙasa. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, sandar Ummu Sa'ad tana saukowa, ita da ba ta taɓa shiga kicin ba tun zuwana. Ta jawo kujerar roba ta zauna, ta zuba mini gahawa da hannunta, ta tura mini dabino. Ba ta yi mini wa'azi ba. Da za ta tashi ta ce, “Daga yau duk Juma'a ki bi direba gidansa, ki ji harshenku. Wanda ya hana ki ya zo ya same ni.”

Na roƙi Nomau ya turo mini hoton Inna. Ya ce Yaya, kin san ta, da ta ga an ɗaga waya take shigewa ɗaki. Ɗaya ne tak, na jikin katin zaɓe. Ya ɗauka ya turo. Farin hijabi ne, da wani baƙin dunƙule a tsakiya. Injin da ya ɗauki hoton ya ga hijabin, bai ga matar ba.

Daga nan mafarkan suka fara, kuma da rana tsaka. Bayan azahar gidan kan mutu da barci, babu abin da ake ji sai gurnanin esi mai sanyaya ɗaki. Ni kuma in zauna a kan kafet kusa da yara, katun na yi, gyangyaɗi ya ɗebe ni. Sai in gan ni a kan koren tudun nan, ciyawa na kaɗawa duk gefe ɗaya. Ga Inna can gaba da ƙwarya a ka, cikin zanenta na saƙi, tana tafiyarta ta wadda ba ta gaggawa. Ga kukar ƙofar gidanmu an zana ta da baƙin layi, ga rumbu, ga awakinmu suna shawagi sama-sama kamar ba su da nauyi. In bi ta, in sha gabanta. Wata rana in tarar da fuskar sumul kamar ƙwai. Wata rana in tarar an liƙa mata manyan idanun nan masu ƙyalli na 'yan matan katun, tana yi mini magana da Larabcin gimbiya. In farka ina salati.

Abin da ya tsorata ni shi ne, ko idona biyu in na rufe ido na kira ta, fuskar ba ta zuwa. Muryarta na nan. Ƙamshin hayaƙi da daddawa na zanenta na nan. Fuskar ce babu. Na ce wa kaina, Kulu, ƙasar nan ta karɓe miki fasfo kin yi shiru, ta hana ki ganin gawa kin yi shiru. Wannan kam ba za ta karɓa ba.

Direban gidan, Malam Habu, Badamagare ne, ya tsufa a Riyad. Iyalinsa suna unguwar Al-Badi'a, a wani bene mai ɗaki biyu da tun daga matakala kake jin ƙamshin miyar kuka. Matarsa Mariya ta karɓe ni kamar cikinmu ɗaya. Suna da 'ya budurwa, Salma, haifaffiyar can, baƙa wuluk kamar uwarta, Hausarta kuwa kamar mai tafiya ba takalmi a kan yashi mai zafi. Kullum tana lungu da wani allon gilashi da alƙalaminsa. Na leƙa, sai na ga labari take yi da zane, akwati bayan akwati, maganar kowa a cikin ɗan da'ira bisa kansa. Tana sawa a intanet, wai mutane da yawa suna bi.

“Khala, ya yi kyau?”

“Wace ce Khala? Gwaggo ake cewa. Ba a koya miki Hausa ba?”

“Ina ji, wallah. Bas faɗa ne yake mini wuya, Khala.”

Na bar ta da Khalarta. Na ce, “In na kwatanta miki mutum, za ki iya fito da shi?”

Malam Habu ya yi gyaran murya. “Hajiya Kulu, zanen mai rai fa. Kin san abin da malamai suka ce. Ita ma wannan fama nake da ita.”

“Na sani, Malam. Ba bauta mata zan yi ba. In an tambaye ni gobe ƙiyama, zan ce uwata na nema.”

Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci.

Salma ta yi ta tambaya ina ba ta amsa. Ido? Ƙanana. Hanci? Daidai. Fuska doguwa ko zagayayya? Doguwa-doguwa. Kyakkyawa ce? Na ce sosai. Alƙalami ya yi ta gudu, sannan ta juyo mini da allon tana murmushi.

Wata yarinya ce mai tsinin haɓa, hanci kamar ƙwayar shinkafa, ido rabin fuska, an shafe ta da ruwan ƙasa.

Na ce, “Wannan Balarabiya ce aka tsoma a shayi. Ina tsagar?”

“Khala, ta rasu fa. Ban so in sa mata ciwo a fuska ba.”

“Ciwo? Abin da ke fuskata ciwo ne? Ke, share wannan. Baƙa na ce miki. Hanci irin namu, baki irin namu. Ki dubi uwarki mana, ki dubi madubi!”

Ta share. Ranta ya ɓaci, hannun ya ƙara sauri. Ta buɗa hanci, ta cika leɓe, ta zuba baƙi. Ina tsaye a kanta na ga abin yana fitowa tun kafin ita ta gani. Kai kamar gindin tukunya. Baki ya fara cin fuska. Ƙashin cikin gashi ne kawai babu.

Alƙalamin ya tsaya. Mariya ta bar tuƙin tuwo ta leƙo.

Na ce, “Uwar tawa ce wannan?”

Salma ta kife allon a cinyarta. Hausar ta gudu ta bar ta, sai da ta yi ta kamo ta ɗaya-ɗaya. “Hanya biyu hannuna ya sani, Khala. Waccan da wannan. A talabijin na koya, ba wanda ya nuna mini ta uku. Kin ga labaraina? Duba, duk farare ne. Sau ɗaya na sa baƙa, aka yi ta rubuto mini, wannan ita ce shaggala? Yaani 'yar aiki. Sai na cire ta.”

Da na san lallashi da na lallashe ta. Ban sani ba. Na ce to Allah ya ba hannun naki lafiya, na jawo abayata na sauka na jira Malam Habu a mota. Juma'o'in da suka biyo baya na ce kaina ke ciwo.

Mafarkan kuwa ba su fasa ba. Har ya kai in na hango Inna a kan tudun ba na shan gabanta, sai in bi ta a baya a baya, tudun ya yi ta miƙewa, rana mai zagayen layi tana tsaye wuri ɗaya, har Lulu ta ja mini hannu ta ce tana son ruwa.

Wata safiya Malam Habu ya same ni ina shanya. Ya ce an sa wa baƙi haraji a kan duk wanda ke zaune ƙarƙashin iƙamarsu, wato takardar zama, kuma shi ba zai iya ɗauka ba. Zai mayar da Mariya da Salma Damagaram, ƙasar da yarinyar ba ta taɓa takawa ba. Jirginsu cikin makon nan ne.

“Juma'a za mu Dir'iyya, a sha iska a yi sallama. 'Yarki Salma ta ce in gaya miki ta yi bita. Ta ce in ba ki zo ba, to, shi ke nan.”

Shi ke nan ɗin ne ya sa na ce zan je. A duk Riyad hannu ɗaya na sani da zai iya wannan aiki, kuma ga shi zai hau jirgi.

Dir'iyya tana bakin gari, a gefen kwarin da suke kira Wadi Hanifa. Da na fito daga mota sai na tsaya ina kallo. Ginin ƙasa ne, jar ƙasa irin tamu, katangu masu kauri da 'yan tagogi, har da indararo. A bayansu ga manyan injinan gini sun miƙa wuya sama, sun yi cirko-cirko don ranar hutu ce. Ƙasa kuma dabinai ne, iyalai sun baje darduma a inuwa, hayaƙin gashi yana tashi a hankali. Hasken la'asar ya kwanta a kan katangun, sai na ji kamar in na zagaya kwana ɗaya zan faɗa unguwarmu.

Muka shimfiɗa tabarma. Malam Habu ya ja gefe da carbinsa. Salma ba ta gaishe ni da baki ba, allon ta miƙo mini. Ga Mariya tana tsane shinkafa. Ga wata maƙwabciyarsu 'yar Maraɗi tana dariya da wushiryarta. Ga Malam Habu yana barci baki buɗe. Ga ita kanta Salma, ta zana kanta a madubi, fuska a murtuke. Kowa da hancinsa, kowa da bakinsa, babu wanda ya yi kama da wani.

Na ce, “Hm.”

“Hm kawai?”

“To me kike so, guɗa? Ɗauki alƙalami.”

Ta gyara zama. “Mu fara da ido, Khala. Ido ne mutum. In tana kallonki, yaya yake? Yana dariya? Yana faɗa?”

Na kama abin da ya fara zo mini.

“Manya ne,” na ce.

“Wancan karon kin ce ƙanana.”

“To, matsakaita.”

“Girarta fa? Tsakanin idon da faɗi ko a matse?”

Na hau gyara bakin tabarma. Mariya tana zuba shayi, sai ta tsaya da butar a sama.

“Yaya Kulu, wai ke ce ta nawa a wurinta?”

“Ta fari.”

Ta dire butar. “Ayya! To ai wahalar banza kuke ta sha. Yaushe ta taɓa kallonki da za ki san idonta?”

Wallahi sai na ji kamar an buɗe ƙofa iska ta shigo. Abin da na sani tun ina tsumma, amma ban taɓa haɗa shi da wannan ba. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Inna kuwa irin mutanen da ne, ta riƙe abin nan har ƙarshen ranta. Da aka yaye ni kakata ce ta ɗauke ni, gidanta na jikin namu. Kullum ina shiga ina fita, amma in na shigo Inna sai ta sami abin dubawa a wani gefen. Ni ma da na yi wayo sai na koyi sauke ido. Ashe duk abin da nake ta ba Salma, fuskar ƙanwar Inna ce da ta matan unguwa nake harhaɗawa. Fuskar da nake kuka Riyad ta ƙwace mini, ban taɓa riƙe ta ba.

Mariya ta yi wa Salma bayani, rabi Hausa rabi Larabci. Yarinyar ta zaro ido.

“Yaani ba ta sonki? Haram!”

“Ke, kama bakinki! Wa ya ce miki? In an yanka kaza, cinyar tawa ce, Nomau ake aikowa da ita a rufe, a ce in ji kaka. In za ta yi mini magana, da akuya take yi. ‘Wasu dai sun fita ba mayafi, ga sanyi.’ Sai in koma in ɗauko. Da na yi baƙon dauro, a bayan zana ta wuni a tsaye, ina hango ta ta tsakanin kara, wai ita kaji take nema.”

Salma ta juya ga uwarta. “Ummi, ni ma fa ta fari ce.”

“Ke haihuwar bene ce. A ɗaki biyu ina zan kai idona? Kuma wace akuya gare ni a Badi'a?”

Har Malam Habu sai da dariya ta girgiza carbinsa.

Salma ta share allon fes. Sannan ta ce a hankali, “To bar abin da ba ki gani ba, Khala. Me kika gani?”

Na rufe ido, ban kira fuska ba. Sai ga ta nan da nan, kamar dama a bakin ƙofa take jira. Tana zaune a gindin ɗakinta da yamma, ƙafa a miƙe, tana kaɗi. Hannun hagu a sama da auduga, na dama yana murza mazari, farin alli a yatsunta. Ta ba ni gefe, idonta yana kan zare.

“Gefen hagu,” na ce. “Goshinta ya ɗan turo. Hancin daga sama a kwance yake, sai ya zo ƙarshe ya tashi. Leɓen ƙasa ya fi na sama fitowa, tana ɗan cije shi in zare ya yi siriri. Hujin kunnenta ya ja, babu ɗan kunne, sai ɗan tsinke. Wuyanta dogo, da jijiya ɗaya da ke tashi in ta ɗaga hannu.”

Maganar ta yi ta zuba, ban san ina da ita ba. Alƙalamin yana bi, wannan karon ba gudu yake ba.

“Khala, in taɓa?”

Na miƙa mata kuncina. Ta bi tsagar da ɗan yatsa, tun daga gefen baki har inda suka baje wajen kunne. Tun zuwana ƙasar nan ba a taɓa fuskata ba sai yara.

“Nata sun fi nawa zurfi,” na ce. “Wanzaminsu ba ya wasa. Amma da tsufa ya zo sun yi laushi, kamar gona bayan an sha ruwa.”

“Launi fa?”

“Baƙa mana.”

“La, Khala. Na duba Ummi, na duba maƙwabta, na duba kaina. Ba baƙi ɗaya ba ne, ko a fuska ɗaya. Sake dubawa.”

Na sake rufe ido. Gaskiyarta. A goshi yana sheƙi kamar tukunyar da aka goge da mai. A ƙarƙashin kunne yana komawa shuɗi-shuɗi, kamar zanen da ya fito daga marina. A kan ƙashin kunci kuwa, inda ranar yamma ke sauka, akwai ja a ciki can ƙasa, irin na jar dawa. Na faɗa mata. Ta yi ta haɗawa tana gogewa, tana ɗaga kai tana duban kuncin uwarta a cikin hasken, tana komawa.

Inuwar dabinai ta yi tsawo ta haye tabarmarmu. Shayi ya huce ba wanda ya sha. Can ta ajiye alƙalami, ba ta yi murmushi ba, ta ɗora mini allon a cinya.

Inna ce.

Ba mai kama da ita ba. Ita ce, da cijen leɓenta, da tsinken kunnenta, tana duban zarenta kamar ba ta san na shigo ba, alhali ta sani. Na ji ƙarar mazari a kan 'yar fatar da take murza shi. Katangun Dir'iyya suka matso suka zama katangar gidanmu. Mariya ta leƙo ta kafaɗata ta ce, “Allahu akbar. Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah,” kamar ta san ta.

Salma ta tura hoton cikin wayata. Sannan ta matso har gwiwarta na taɓa tawa.

“Khala, yanzu na san ƙashin fuskarta. Zan iya juyo da ita. Ba wuya, wallah, kafin magariba na gama. Ta kalle ki ko sau ɗaya.”

Alƙalamin yana hannunta, a saman allon. Ba zan yi ƙarya ba, tun ina yarinya nake son wannan abu. Na so shi ran aurena, na so shi ran da na haihu, na so shi ran da na je mata sallama ta gaya wa akuya Allah ya tsare matafiya. Ga shi yau an kawo mini har cinya, kuma in jirgin nan ya tashi babu mai sake yi mini tayi.

Na kama hannun Salma na sauke shi.

“Idon wa za ki sa mata? Naki, ko na uwarki? Bar ta. Ba ta juyo tana da rai ba, ba za a juyo da ita don ta mutu ba.”

“Amma Khala...”

“Na ce ki bar ta. Aiki take yi.”

Aka kira magariba daga wani masallaci a hayin kwarin. Malam Habu ya tashi neman ruwan alwala, Mariya ta fara haɗa kofuna, Salma ta naɗe gefen tabarma ta bar mini inda nake zaune. Ni kuwa ban motsa ba. Na ɗaga allon daidai fuskata, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na zuba wa uwata ido, ban sauke ba. Ita tana ta kaɗinta, ba ta hana ni ba.